Kyautar da Ba a Kai Gaban Inna

Ana saura kwana uku ƙaramar sallar 1990 Inna ta sa aka kira ni daga wajen wasa. Ta ce in wanke ƙafa, ta ɗora mini kwalla a ka, an ɗaure bakinta da farin ƙyalle. Shekarata tara. Babban yayanmu yana neman wata yarinya a Anguwan Alƙali cikin birnin Zariya, kuma lokacin toshin salla ya yi. Shi iyakarsa zauren gidan, nan ma sai bayan isha'i. Ni da ban kai a hana ni shiga ba, ni ne ɗan aike. Sau uku Inna ta maimaita mini abin da zan faɗa, ta ƙara da cewa in na kuskura na yi tuntuɓe na fasa turaren mutane, in nemi wani gidan kwana.

Bazara ce, ƙasa tana ƙuna, ga azumi ya kwantar da gari. Na bi lungu-lungu ina wuce zaurukan masu ɗinki, kowa da babbar riga a cinya ana rige-rigen gama aikin salla, har na kai. Na yi sallama na durƙusa. Uwar yarinyar tana tankaɗe a tsakar gida, ta amsa, amma ko taɓa kwallar ba ta yi ba. Ta kira abokiyar zamanta, ta aiki yaro ya kira wata tsohuwa a maƙwabta. Sai da suka zauna su uku sannan aka kwance ƙyallen. Turmin atamfa 'yar Kaduna, lokacin masaƙu suna da rai. Mayafi, takalmi, sabulun wanka uku, man shafawa, kwalbar Bintu Sudan, ƙullin lalle, sai goro a cikin ganye. Tsohuwar ce ke ɗaga kowane abu sama, ta jujjuya shi, ta faɗi sunansa da ƙarfi kamar mai rabon gado, ta ajiye gefe. Aka yi guɗa 'yar gajeriya, don maƙogwaro a bushe yake. Wadda aka yi abin dominta kuwa ko ƙeyarta ban gani ba. Tun da ta ji sallamata ta faɗa ɗaki, sai dai labule da nake gani yana motsi ba iska.

Aka ba ni tukwicin naira biyu, takardu, aka jera ƙwai biyar a kwallar don kada ta koma wayam. Da na dawo Inna ta zaunar da ni. Wa ya buɗe? Su wa da wa ke wurin? Me tsohuwar ta ce da ta ga atamfar? Nawa suka ba ka? Tambaya ta fi goma, babu ɗaya a kan ko yarinyar ta yi murna. Abin da ya dame ta shi ne wa ya gani.

Wannan kwalla ce ke faɗo mini a rai duk shekara in Fabrairu ya kama aka fara ja-in-ja a kan ranar masoya. Mun haddace yadda ake yi. Juma'ar ƙarshe kafin 14 ga wata limamai su yi huɗuba, a Facebook a rabu gida biyu, masu kanti a PZ da Samaru su baje jajayen kaya a bakin titi, ranar sha biyar kowa ya kama gabansa sai baɗi. Ni ba na bikin ranar, ban kuma zo in halatta wa kowa ita ba. Sai dai na daɗe ina ganin mun bar jaki muna dukan taiki. Kwanan wata taiki ne. Jakin shi ne hanyar da kyauta take bi yanzu tsakanin namiji da mace, a Fabrairu da sauran watanni sha ɗaya.

Da idona na fara ganin ranar a Samaru, shekarar da na shiga Jami'ar Ahmadu Bello. Wayar salula ba ta daɗe da zuwa ba, a 2001 ta shigo, ɗalibin da ya mallake ta ana nuna shi da baki, don haka katin gaisuwa ake saye. Ni ɗan cikin ganuwa ne. Daga Ƙofar Doka zuwa Samaru ba wata tafiya ba ce, amma da na bi ta gaban hostal ɗin Amina da yammacin ranar sai na ji kamar a wata ƙasa aka sauke ni. Jar riga, jan ɗankwali, motoci sun yi layi, samari a tsattsaye kowa da leda a hannu yana jiran a kira masa tasa. Na yi Allah wadai a zuci, na wuce masallaci.

Da shekara ta zagayo ni ma ina cikin masu ledar. Wata 'yar Tudun Wada ce, ajinmu ɗaya. Mako biyu na yi ina shan gari da ƙuli don in tara kuɗin, na sayi kati irin wanda in an buɗe yake kiɗa, da jan fure na roba, da ɗan beyar na auduga rungume da zuciya. Ta karɓa tana dariya. Ta buɗe katin, ya ɗauki kiɗa, mutane suka waiwayo, ta yi maza ta rufe. Ta jima tana kallon ɗan beyar ɗin, sannan ta ce, "Na gode ƙwarai, wallahi na ji daɗi. Amma don Allah ina zan kai wannan?" Ban gane ba. Ta ce, "Gidanmu zan shiga da shi? In Mama ta ce wa ya ba ki, na mene ne, in ce mata me?"

A ƙasan akwatinta ya ƙare zangon, ƙarƙashin kaya. Da za a tafi hutu ta ba ɗan matar da ke yi musu wanki. Ba mu yi aure ba, kuma ba wannan ne ya raba mu ba. Amma tambayar tata ta zauna mini fiye da duk huɗubar da na ji a kan ranar, domin ita ba ta ce haram ba, ba ta ce halal ba. Ta dai ga an ba ta abin da ba shi da ƙofar shiga gidansu.

Asalin ranar ba ɓoyayye ba ne. Balantayin malamin Kirista ne da aka kashe a Rum a ƙarni na uku, kuma a 496 Paparoma Gelasiyus ya keɓe 14 ga Fabrairu don tunawa da shi. Babu zancen saurayi da budurwa a ciki sai can a ƙarni na 14, da mawaƙan Ingila suka haɗa ranar da lokacin da tsuntsaye ke zaɓen abokan zama. A 1969 ma Cocin Katolika ya cire ta daga babbar kalandarsa, saboda abin da aka tabbatar game da mutumin kaɗan ne ƙwarai. 'Yan kasuwa ne suka hura mata rai: masu buga kati a Ingila da Amurka a ƙarni na 19, da kamfanin Cadbury, wannan dai mai Bournvita da Tom Tom, wanda ya zuba cakulan a kwali mai siffar zuciya tun shekarun 1860. Ghana da ta ga kokon nata ne sai ta mai da ranar ta cakulan ta ƙasa. A Japan mata ne ke ba maza, maza su rama ranar 14 ga Maris, kamar dai bikin matanmu, a yi miki yau ki mayar gobe da ƙari.

Malamanmu suna kafa hujja da hadisin Anas, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iske mutanen Madina da ranaku biyu na wasa, ya ce Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi, wato salloli biyu. Na karɓa, ba ni da ja. Amma yaron da ke tsaye a Kwangila da leda yana tare keke bai san Balantayin ba, bai taɓa jin Gelasiyus ba. Abokan aikina Kirista 'yan Wusasa da Sabon Gari ma kukan da suke yi da ranar irin namu ne, su ma 'ya'ya mata gare su. A goge 14 ga Fabrairu daga kalanda yau, ledar za ta koma ranar zagayowar haihuwa, ko ranar gama jarrabawar ƙarshe, ko wata Asabar kawai. Mun ma gani da ido. Ranar Litinin 14 ga Fabrairun 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Cikin 'yan makonni Samaru ta zama kufai, masu jajayen kaya suka naɗe tabarma. Amma alat bai tafi yajin aiki ba. Kyauta ta ci gaba da shiga wayoyin 'yan mata suna kwance a ɗakunan iyayensu, ba sallama ba ɗan aike.

Abin da tsohuwar Anguwan Alƙali take yi da take ɗaga sabulu sama, rajista ce. Toshin da mutum uku suka gani ya tashi daga sirrin yaro da yarinya, ya zama magana tsakanin gida biyu. In neman ya lalace an san abin da ya shigo. Malaman Malikiyya, mazhabar da kotunanmu ke bi, sun ma rarrabe: in namiji ne ya fasa, abin da ya bayar ya tafi; in daga wajen mace aka fasa, a mayar masa da kayansa. Wannan hukunci kuwa ba ya tafiya sai da wanda ya gani. Abin da ya fi wannan, yarinya ba ta ci bashin kowa ita kaɗai ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, haka ne, amma a wancan tsarin gida ne ya ci ladan, kuma askin da mai kaya zai iya nema ɗaya ne tak, aure, ta ƙofar zaure. Kyautar da aka miƙa a cikin mota mai baƙin gilashi, ita kaɗai ta ci, ita kaɗai za a bi, mai bin bashin kuma shi ke yanke ranar biya da abin da za a biya shi da shi. Ba kowane saurayi ne mugu ba. Ni da na sayi ɗan beyar ban nufi komai ba sai in ga murmushinta. Amma ba don maƙwabcin kirki ake sa wa ƙofa sakata ba.

Kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yarinya tana riƙe da wayar da albashin ubanta na wata uku ba zai saya ba, uwa ta gani, uba ya gani, kowa ya kau da kai. Na san dalili, ba daga sama na faɗo ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 akwai gidajen da alat ɗin saurayi ne ke ɗora tukunya, kuma da wuya uwa ta tambayi inda kuɗi ya fito alhali da shi aka sayo shinkafar da ke bakinta. Ban isa in zagi mai jin yunwa ba. Amma gaskiya ɗaya ce, an bar 'yar shekara sha tara tana ciyar da gida da bashin da ita kaɗai ta san mai shi.

Wani zai ce ai yanzu aka fi nunawa. Ana nunawa kam, har a gaji. Kyautar ba-zata ta zama sana'a a garin nan: kek, balan-balan, mai busa, mai ɗaukar bidiyo yana biye, da furen kuɗi da ake nannaɗe sababbin takardu a jera su kamar fulawa. Wannan na ƙarshen ma laifi ne a doka, don sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyu ga mai wulaƙanta naira, kuma bankin da kansa ya lissafa furen kuɗi a ciki. Amma ɗan kallo daban, shaida daban. Mutum dubu da suka yaba a TikTok babu wanda za a kira zaure ranar da magana ta ɓaci. Abin dariya abin takaici, kafin a ɗora hoton a WhatsApp sai an bi lambobi an cire Mama, an cire Yaya, an cire Kawu, kada su gani. Da uwa ake kai wa toshi, yanzu uwar ake toshewa.

Ba cewa nake yi zamanin kwalla aljanna ne ba. Na san 'yar ƙanwar Inna da aka kai ɗakin mutumin da ba ta so tana kuka, don kawai iyaye sun ci kayansa shekara uku ba su da abin mayarwa. Can shaidar ce ta zama sarƙa. Lefe ma da aka faro don suturta amarya, ga inda muka kai shi: saitin akwati a jere, mata suna zuwa gani suna ƙirga atamfa da leshi kamar 'yan kwastan, ango ya shiga ɗaki da bashi a wuya. Ba kuma so nake a koma ɗora wa ɗan shekara tara kwalla ba. Alat ma ana iya kai shi gaban uwa, nuna fuskar waya bai fi ɗaga sabulu wuya ba. Saurayin da ya ji haushi don an gaya wa Mama ya turo kuɗi, ya riga ya faɗi abin da yake nema.

Akwai kuma wata kyautar da ita ba a nuna wa kowa, a gidanmu na san ta. Baba yana sayar da kwanuka a kasuwar Sabon Gari, a kan keke yake dawowa bayan isha'i. Mata biyu gare shi. Ban taɓa jin ya kira sunan ɗayarsu ba, ban taɓa ganin ya zauna tabarma ɗaya da su da rana ba. Amma aljihun jamfarsa na dama kullum da tabon mai, ya gagari sabulu. Tsire ne a naɗe a tsohuwar jarida, wani lokaci balangu, in kasuwa ta yi kyau gasasshiyar kaza. Zai jingine keke, ya yi gyaran murya a ƙofar mai girki, ya miƙa ƙunshin ta gefen labule bai ce uffan ba, ya wuce turakarsa. Mu yara muna kwance mun runtse ido da ƙarfi, ƙamshin ƙuli da yaji ya cika ɗaki. Inna ta ɗora shi a kan kwanon tuwo ta fita. Can sai mu jiyo wata irin dariya tata ƙasa-ƙasa daga turaka, wadda ba ma ji da rana. Da safe mu iske yanka ɗaya-ɗaya a ƙaramin kwano. In mun tambaya ta ce ɓera ne ya kawo.

Ba wanda ya taɓa ambaton ƙunshin nan a tsakar gida. Abokiyar zaman Inna ta sani, ba ta damu ba, don jibi nata ne, kuma Baba ba ya ƙara wa wata tsinke ɗaya a kan wata. Ita ma Inna tana da nata. In zai tafi Kano sarin kaya, da kuɗin ɗinkin hularta take sayen nama ta yi dambu, ta tura ƙasan jakarsa ba ta gaya masa ba.

Kyauta biyu ke nan muka gada, ta neman aure a gaban jama'a, ta cikin aure a bayan labule. Mu sai muka birkita su. Wadda ya kamata a gani mun ɓoye ta. Wadda ake yi a ɓoye kuwa mun daina, sai ta dole da ake yi don idon dangi, kayan suna da kayan salla.

Ku zauna a kowace majalisa a garin nan ku ta da zancen. Za ku ji an ce, "To me ta rasa? Shinkafa a buhu, kuɗin makaranta na biya, na ɗinka mata na salla." Waɗannan haƙƙi ne, Malam, in ka ƙi alƙali zai sa ka. Kyauta ita ce abin da in ba ka kawo ba babu mai tuhumarka. Sau da yawa ma mai wannan maganar shi ne ya biya mai busa ya je ya yi wa wadda yake nema ta biyu ba-zata, uwargida ta gani a wayar maƙwabciya. Matan aure da ke yin shiru da waya a hannu ranar 14 ga wata ba Rum suke sha'awa ba. Gani suke an tuna da wata.

A nan nake da ƙorafi a kan huɗubar Fabrairu. Maza ne suka cika sahu, kuma da yawanmu abin da muke ɗauka mu kai gida shi ne an ce haram, shi ke nan mun huta. Wa'azi ya zama garkuwar marowaci. Alhali addinin da ya hana mu kwaikwayon bikin wasu shi ne ya ce ku yi wa juna kyauta za ku so juna, shi ne ya ce har lomar da mutum ya sa a bakin matarsa yana da lada a kanta. Manzon Allah yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija, ita kuwa ta daɗe da rasuwa. Ina so in ji limamin da zai gama kashi na farko, ya dubi sahu, ya tambaye mu yaushe rabon da mu shiga gida da abin da ba a rubuta mana a takardar cefane ba.

Ni ma a sahun nake, ba a kan mumbari ba. A 2023 ranar ta faɗo Talata, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi. Wa'adin tsofaffin takardu ya cika ranar 10 ga wata, sababbin kuma sai wane da wane, masu POS suna yanka yadda suka ga dama. Da asuba na tura wa 'yan gidanmu wa'azin haramcin ranar a WhatsApp, na tafi layin banki. Sai dab da magariba na samu naira dubu biyu. A hanyar dawowa na tsaya sallar isha'i a Tudun Wada, ina fitowa hayaƙin mai tsire ya doke ni, irin ƙulin nan da ya ɗan ƙone. Wallahi ba kwanan wata na tuna ba, aljihun Baba na tuna. Na tsaya ina lissafin rabon da in shiga gida da ƙunshi, lissafin ya ƙi fita. Na ba da ɗari biyar cikin dubu biyun, ina jin kamar naman jikina ake yanka.

Yara sun yi barci. Na ajiye mata a gefen tire ban ce komai ba, yadda na ga ana yi. Maiɗakina ta dubi ƙunshin, ta dube ni.

"Baƙo za mu yi?"

Na ce a'a.

"To na waye?"

Na ce nata ne. Ta yi shiru, ta goge hannu da zani, ta zauna a bakin gado sosai kamar mai shirin jin labarin rasuwa. Ta ce, "Malam, in aure za ka ƙara ka faɗa mini kawai, ba sai ka sayi bakina ba."

Shekara goma sha huɗu muna tare. Akwati shida na kai gidansu, sai da na shekara biyu ina biyan bashinsu, ga shi yau tsiren ɗari biyar daga hannuna ya zama abin tsoro. Na yi ta rantsuwa. Can ta buɗe takardar, ta ɗauki yanka ɗaya, sai ta tsaya da shi a hannu ta fashe da dariya. "Au, yau sha huɗu ga wata! Kai da ka turo mana wa'azi da asuba?" Na sake sabuwar rantsuwa. Ta ce, "Na ji. To ka kawo gobe ma, in tabbatar."

Washegari ban samu ko sisi ba. Ranar Alhamis da safe Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar ɗari biyu ta ci gaba da aiki har 10 ga Afrilu, sai na tuna akwai guda uku da na bari a aljihun wata tsohuwar jamfa don na ɗauka sun zama takarda. Mai tsiren ya jujjuya su ya ƙi karɓa, sai da mai shayin kusa da shi ya ce shi ma ya ji a rediyo. Da na shiga gida fitila a kashe, babbar 'yarmu tana kwance a falo ta ba ƙofa baya. Na wuce a hankali da ƙunshin a aljihu. Numfashinta ya cika daidaituwa, na mai barcin gaske ba ya haka.